Wa Ke Shanye Tankin Layinmu?

Ku matso, 'ya'yana da jikokina masu karatu, amma ku bar taku biyu tsakaninmu kamar yadda ma'aikatan lafiya suka ce. Yau ba asirin kowa zan tona ba sai nawa. Gara ku ji daga bakina kafin maƙwabta su riga ni, don in suka ba ku sai sun ƙara gishiri, ni kuwa na fi kowa sanin yadda ake barbaɗa shi.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce tsohuwar da 'yan layinmu ke kira Gidan Rediyo. Ban taɓa jin haushi ba, don shi rediyo batirinsa na ƙarewa, ni kuwa nawa bai taɓa ba. Karatuna aji uku ne, da yatsa ɗaya nake danna wannan rubutu a waya, tabarau a bakin hanci. In kun ga kuskure, laifin yatsan ne.

Mu biyu ne a gidan, ni da jikata. Tela ce, shekararta ashirin da takwas. Allura nake ce mata, don siririya ce, ga kaifi, kuma tana gama aiki ba ka ji motsinta ba. Kun ga haɗin da Allah ya yi: ni baki, ita shiru. Ubanta shi ne babban ɗana, kafinta ne, gidansa na can bayan kasuwa. Mutum ne da sai ya auna katako sau uku kafin ya ɗora zarto, haka kuma yake auna mutane.

Da annobar nan ta shigo aka kafa dokar kulle, aka ce mu tsofaffi ko ƙofar gida kada mu taka. Wai don kada mu mutu. Ni kuwa na ce ai an riga an kashe ni. Babu kasuwa, babu shiga maƙwabta, babu wanda zai zo ya ce min "kin ji abin da ya faru?" Sai taga ɗaya da ke kallon titi, nan na kai kujerata na kafa ofis.

Wata safiya mota mai lasifika ta wuce tana shela, wai an turo wa ƙaramar hukuma kuɗin tallafin gaggawa, kuma an liƙa takardar yadda za a yi da su a bangon makaranta. Na ce, "Allura, ɗauki wayarki ki je ki ɗauko min hoton takardar nan."

Ta ce, "Kaka, me za ki yi da ita?"

"So nake in gani. Tun ina budurwa nake jin an turo kuɗi, ban taɓa ganin sun yi ƙafa sun zo ƙofar gidana ba."

Ta je ta dawo ta karanta min, na sa ta maimaita sau biyu. Kashi ɗaya na abinci ne ga tsofaffi da waɗanda sana'arsu ta tsaya. Kashi ɗaya na ƙaramin asibitinmu, har da motar da za ta riƙa ɗaukar tsofaffi duk Alhamis a je a auna jininmu. Kashi ɗaya na takunkumin fuska, kuma telolin unguwa za a ba ɗinkin. Na ƙarshe na tankunan wanke hannu ne, kowane layi ɗaya, da sabulu, da tankar ruwa da za ta riƙa cika su. An kafa kwamiti, an ɗora wata tsohuwar nas a kai, wadda kowa ke kira Sista. Ita ta karɓi haihuwar rabin unguwar nan, har yau manya masu gemu suna gyara tsayuwa in ta kalle su.

Na ce, "To, mu zuba ido."

Abin mamaki, suka yi ƙafar. Aka kawo min shinkafa da mai da sabulu har bakin ƙofa. Allura ta samu ɗinki, falonmu ya cika da shuɗin yadi da igiyar roba, ko ina ka zauna sai ka tashi da zare a zani. Sannan aka kawo tankin. Shuɗi ne, a kan ƙafafun ƙarfe, famfonsa na takawa da ƙafa ne don kada a taɓa da hannu. A jikinsa an rubuta lambar waya da farin fenti, an ce in ruwa ya ƙare kafin ranar cikawa a tura saƙo, dole direba ya zo a ranar. Kuma a ina aka girke shi? Daidai gindin tagata. Na ce Allah ka ga zuciyata.

Ranar Asabar direban ya zo. Dogo ne, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, hula a kai, takunkumi a fuska. Idanu kawai na gani. Amma idanun nan, wallahi sai na ji kamar na san su a wani wuri, na yi ta lalube a ƙwaƙwalwata kamar mai neman allura a cikin yashi, ban samu ba.

"Kaka, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi, ɗan nan. Bakin ne ke neman ya yi tsatsa. Ɗan gidan wa ne kai?"

Ya yi dariya ta cikin takunkumi. "Daga wancan ɓangaren garin nake, Kaka."

Yana jan tiyo sai igiyar takunkuminsa ta tsinke, ya dafe da hannu ɗaya. Na ƙwala kira, "Allura! Kawo wa ma'aikacin hukuma sabo, fuskarsa za ta zube!" Ta fito da ɗankwalinta na aiki, abin awo rataye a wuya, ta ɗora takunkumin a kan tsinin tsintsiya ta miƙa masa daga nesa. Ya juya baya ya ɗaura. Haushi ya kama ni, ko hancinsa ban gani ba. Amma na ga wani abu. Tiyon da ake naɗewa cikin minti ɗaya, sai da ya yi minti goma yana naɗe shi, yana warwarewa, yana sake naɗewa, idonsa na kan tagar falo inda keken ɗinki yake.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shi dai na gama karanta shi. Ita ce ta gagare ni.

"Allura, direban nan yana da ladabi ko?"

"Uhm."

"Ga tsawo."

"Kaka, ki ɗaga ƙafarki, kin take min yadi."

Kun ji fa. Dutse ma in ka buga shi yakan yi ƙara.

Shi kuwa ubanta duk Juma'a sai ya kira, maganarsa ɗaya ce. "Inna, yarinyar nan shekara ashirin da takwas. Ƙannenta biyu suna ɗakunansu. Ba zan zaɓa mata ba, amma ta fito da mutum, kuma mai aiki tsayayye." Ran nan na ɗan jefa masa maganar direba don in ji zurfin ruwan.

Ya ce, "Na tankar tallafi? Inna, ai aikin wata shida ne. Ranar da tallafi ya ƙafe shi ma ya ƙafe. In hukuma ta tabbatar da shi a aiki, to a zo a yi magana. In ba haka ba, kada ma a fara."

Asabar ta gaba na yi wa direba tambayoyi irin nawa, ya gaya min Sista ta yi alkawari: duk wanda ya gama wata shidan nan ba a kama shi da wani laifi ba, za ta kai sunansa a ɗauke shi aikin dindindin. Na ce a raina, to ga hanya. Saura abu ɗaya, a san abin da ke cikin zuciyar Allura. Amma ta yaya wuta za ta kama in sau ɗaya a mako ake hura ta?

Nan Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni a kan kujera. Ko da yake, don Allah, bai sha wahala ba.

Ranar Talata da sassafe, Allura na wanka, na lallaɓa da guntun tiyon da muke ban ruwan bishiyar lemon tsakar gida da shi. Na cusa bakinsa a famfon tankin, na zura ɗaya bakin ta ƙarƙashin ƙofa zuwa cikin duro, na ɗauko wani dutse mai faɗi na aza a kan abin takawar. Ruwa ya yi ta tafiya shuuu. Na cika duro, na cika bokitai, na shayar da lemo. Ban zubar a ƙasa ba, ku shaida. Da tanki ya yi ƙwam, na ɓoye tiyo da dutse a bayan buhun gawayi, na koma kan kujera na danna saƙo:

"Ruwa ya kare dana."

Ba a jima ba amsa ta shigo: "To Kaka, ina tafe."

Ya zo, ya ƙwanƙwasa tankin, ya kalle ni, na kalli sama.

"Kaka, 'yan layin nan akwai tsafta."

"Ai mu ko gaisawa muka yi a waya sai mun wanke hannu."

Na tura Allura ta kai masa ruwan sha. Ta ajiye kofi a kan katanga, ta ce "sannu da aiki," ta juya. Kalma uku! Na kwashe ruwan hukuma tanki guda don kalma uku. Na ce ba komai, Talata na nan tafe.

Haka na mayar da Talata tawa. Sai kuma wani abu ya fara ɗaure min kai. Duk Alhamis in motar asibiti ta dawo da ni daga awon jini, sai in tarar da tankar ruwa a ƙofar gida, direba na naɗe tiyo. In ce, "Yau ma ya ƙare?" Ya ce, "Ya ƙare, Kaka." In shiga ciki in tarar da Allura a kan keke kamar an dasa ta. Na ce a raina, lallai maƙwabta sun ga dabarata sun ara. Na sa ido a kan kowa. Na zargi mai wanki, na zargi masu gini, har na yi kwana biyu ina harara wani bawan Allah mai kiwon agwagi.

Wayar Allura kuwa kullum a kulle. Sau ɗaya tak ta yi haske a kan teburin yanka ina kusa, na karkata tabarau na karanta. An rubuta sunan mai saƙon "Mai Zare," saƙon kuma: "Na gani. Ina tafe." Na ce oho, mai kawo mata zare ne, na ci gaba da tsince shinkafata.

To ga inda bakina ya yanka wuyan wani. Maƙwabciyata, matar mai shago, ta leƙo ta kan katanga, takunkuminta a haɓa.

"Gidan Rediyo, wai ni tankin nan rami ne a ƙasansa? Jiya na zo wanke hannu ba ko ɗigo."

Ni kuwa ga duro cike a bayana. Don in kawar da idonta daga kaina sai na ce, "Ni ma abin na ba ni mamaki. Wa ya sani ma ko cika shi ake yi da gaske?"

Iyakar abin da na faɗa ke nan, na rantse. Amma ni da na shekara hamsin a wannan sana'a, ya kamata in san cewa magana ba ta dawowa gida da kayan da ta fita da su. Kwana uku ta dawo min ta bakin mai kawo sabulu, ta yi ƙiba, ta yi gemu: wai direban tanka rabi-rabi yake zuba wa tankuna, sauran ya kai wa masu buga bulo ya sayar, shi ya sa yake ta zirga-zirga a layinmu don ya samu hujjar ɗebo ƙari.

Asabar ta zo, tanka ta zo, amma wani mai tumbi ne ya sauko, ko gaisuwa babu. An dakatar da namu. Kwamiti zai zauna ranar Litinin a filin makaranta, a gaban jama'a, don ƙa'idar tallafin ta ce duk abin da ya shafe shi a fili za a yi.

Ranar keken Allura bai yi ƙara ba. Da ta daure ta zauna, sai ga ta ta ɗinka takunkumi uku duk igiyoyin a gefe ɗaya. Na ɗaga ɗaya na ce, "Wannan na mai kunne ɗaya ne?" Ba ta yi dariya ba. Ta karɓa ta fara farkewa.

Ubanta ya kira, ko Juma'a bai jira ba. "Kin ji ko, Inna? Wanda kike yabo, ɓarawon ruwa ne. Ruwan wanke hannu, a cikin annoba! Zan je da kaina ranar Litinin in ga idonsa."

Na ajiye wayar sai ga saƙon direba: "Kaka kada ki damu. Za su ce in nuna saƙonnin da ake turo min. Ba zan nuna wa kowa wayata ba."

Na karanta sau uku, tabarau ya yi hazo. Wato yaron nan ya san ni ce. Ya sani tun farko, kuma zai bar aikinsa ya tafi don kada a ce tsohuwa ta saci ruwan hukuma. Aikin da shi kaɗai ne tsaninsa zuwa gaban kafinta. Na kalli duro, duro ya kalle ni. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ranar Litinin na buɗe akwati na ciro atamfata mai zanen ganye ruwan goro, wadda ban sa ba tun kafin kulle. Na ɗaura ɗankwali ya tsaya kamar na amarya, na yafa farin mayafi, na sa takalmin fita. In za ka ji kunya, ka ji ta cikin shiga mai kyau. Na zura dutsen da guntun tiyon a cikin jaka.

Allura ta ce, "Kaka, ina za ki? An hana ku fita."

"An ce zama na jama'a ne. Ni ba jama'a ba ce?"

Ta ɗauki mayafinta mai ruwan toka ta biyo ni.

A filin makaranta an jera kujeru nesa-nesa, kowa a rufe da shuɗin takunkumi, rabinsu ɗinkin falona. Sista na zaune a bayan tebur da kansila a gefenta. Direba na tsaye a rana, hula a hannu. Ɗana kafinta yana layin gaba, ya naɗe hannuwa a ƙirji, fensir a bayan kunne.

Sista ba ta ɗaga murya, ba ta buƙata. Ta ce, "Kowane layi sau ɗaya ake cika masa a mako, ya isa har ya yi saura. Layi ɗaya ne tak ake zuwa sau uku: Asabar, Talata, Alhamis. Mota ɗaya gare mu. Duk ranar da ta karkata can, 'yan layin bayan tasha sai su wuni da busasshen tanki, kuma a can ne muka fi samun masu ciwon nan. Wata mata ta gaya min da ruwan shanta take wanke wa 'ya'yanta hannu."

'Ya'yana, wannan maganar ta soke ni. Ni ina can ina shayar da lemo. Ban taɓa tambayar kaina daga bakin wa ake ɗauke ruwan da ke zuwa min ba.

Ta juya ga direba. "Ƙa'ida ta ce ba ka komawa layi sai an turo maka saƙo. An turo?"

"An turo, ranki ya daɗe."

"Miƙo wayar."

"Ki gafarce ni, ba zan iya ba."

"Ka san abin da ake faɗa a kanka?"

"Na sani. Ban sayar da ko kofi ɗaya ba."

"To nuna mana."

Ya sunkuyar da kai. Kansila ya ce, "Malam, aikinka ne fa a kan teburin nan." Bai motsa ba. Sista ta ja numfashi ta ɗauki biro.

Na miƙe. Gwiwata ta yi ƙara har sai da aka waiwayo.

"Sista, ajiye biron nan."

Ɗana ya zabura. "Inna! Me ya fito da ke?"

"Zauna, ba da kai nake ba." Na taka har gaban tebur, na tsaya a taku biyu, na zazzage jaka. Dutse ya faɗo tim, tiyo ya biyo shi. "Ga masu buga bulon da ake cewa. Ni ce. Ni nake aza dutsen nan in janye ruwan cikin durona, in tura masa saƙo. Ga wayata, ku duba, har da kuskuren rubutun."

Sista ta sauke tabaraunta. "Mama, ba ku da ruwa a gida ne?"

"Muna da shi."

"To don me?"

"Don ya riƙa zuwa. Ina da jika a gida, shi kuma yana da idanu. So nake in ga ko za a dace."

Filin ya ɗauki dariya, takunkumai na ta motsi. Matar mai shago har da buga cinya. Na juya na ce mata, "Ke kuma yi a hankali, maganar rabin tanki daga bakina kika ɗauka, kika yi mata kitso." Ɗana ya rufe fuska da tafin hannu.

Sista ba ta yi dariya ba, amma na ga gefen idonta ya motsa. Ta duba wayata, tana ja da yatsa. Ta ce, "Talata. Talata. Talata. To, Mama, mun gane Talata taki ce. Alhamis fa?"

Na ce, "Alhamis ina asibiti. Motarku ce ke ɗaukata, ke kanki kin sha ɗaura min abin awo a hannu. Ni ma wata guda ke nan ina neman ɓarawon Alhamis."

Ta kalli direba. "Wa ke turo saƙon Alhamis?"

Ya murza hularsa a hannu, gumi na bin wuyansa. Sai a lokacin na fahimci ashe ba ni kaɗai yaron nan ke rufa wa asiri ba. Na fara waige-waige, ina neman mai agwagi.

Can daga kujerar ƙarshe wata siririyar murya ta ce, "Ni ce."

Mayafi mai ruwan toka ya miƙe tsaye. Allura! Allurata, wadda sai an yi da gaske take haɗa kalma uku.

"Da dutsen Kaka nake yi, da tiyonta. Na san inda take ɓoye su, bayan buhun gawayi. In motar asibiti ta tafi da ita sai in aza." Ta ci gaba da cewa, "Ruwan ina wanke yadin takunkumi da shi. Amma ba don yadin nake yi ba. Ga wayata. Sunansa Mai Zare a ciki. Kada a kore shi saboda ni."

Na dafe ƙirji. Wata guda ina leƙen titi ta taga, ashe labarin na bayana a kan keken ɗinki! Na ce, "Ke! Munafuka! Kika bar ni ina ta fama da uhm?"

Ta ce, "Kaka, in na gaya miki ai na gaya wa gari."

Wannan karon har kansila sai da ya kifa kai a tebur.

Sista ta buga biro aka yi tsit. Ta ce wa direba, "Ba ka sayar da ruwa ba, wannan ya fita daga kanka, kowa ya ji. Amma kai ma ka san wanke hannu ba ya shanye tanki cikin kwana biyu. Ka sani, ka yi ta zuwa."

"Na sani, ranki ya daɗe. Na yi kuskure."

"Gobe ka koma bakin aikinka. Maganar ɗaukarka dindindin tana nan, amma na ƙara maka wata ɗaya ina kallonka. Kuma daga yau layin bayan tasha za ka fara cikawa." Ta juya ga Allura. "Ke za ki ɗinka wa 'yan layin can takunkumi, kowane gida, kyauta, da yadinki." Sannan ta kalle ni. "Ke kuma Mama, tunda Allah ya ba ki taga da baki, na naɗa ki mai gadin tanki. Kuma gobe motar shela za ta tsaya a ƙofarki, a miƙa miki lasifika, ki gaya wa unguwa da bakinki cewa yaron nan bai saci ruwa ba. Yadda kika fitar da maganar, haka za ki mayar da ita."

Na ce, "Lasifika? Ni?" Na yi ƙoƙari in nuna baƙin ciki, fuskata ta ƙi ba ni haɗin kai. Allah ya sa akwai takunkumi.

Jama'a suka fara watsewa. Ɗana bai tashi ba sai da filin ya kusa zama fanko. Sannan ya taka a hankali ya tsaya nesa da direba, ya kalle shi daga hula har takalmi, sau uku, kamar katako.

"Da ba su tashi ba, da ka bar aikin ya tafi?"

"Da na bari, Baba."

"Wauta ce." Ya ciro fensirin daga bayan kunne, ya jujjuya shi, ya mayar. "Amma irin katakon da ba ya tsagewa ke nan. In wa'adin da Sista ta ba ka ya cika, takardarka ta fito, ka turo manyanka. Yanzu ja da baya taku uku ka sauke abin nan, in ga fuskar wanda ya sa uwata da 'yata suka zama ɓarayin ruwa."

Na gyara tabarau. Wata biyu ina jiran wannan rana.

Ya ja da baya, ya sauke takunkumin, ya yi murmushin jin kunya. Sai ga wushirya a tsakiyar haƙoransa, da wani ɗan lotsawa a kumatun hagu. Nan take na tuna inda na san idanun nan.

Shekara hamsin da ɗoriya, akwai wani saurayi mai gyaran keke da yakan zo ƙofar gidan ubana. Yakan zo ne saboda tayar keken yayana kullum a sace take, an rasa dalili. Ni kaɗai na san wadda ke kwance bakin tayar da sassafe ta saki iskar. Duk tsawon rayuwata, wannan ne labari ɗaya tak da ban taɓa ba kowa ba.

Na ce, "Ɗan nan, a danginku akwai mai gyaran keke?"

Ya ce, "Kakana ne. Yana nan da ransa, kullum sai ya tambaye ni labarin layinku. Ran da na hango dutse da tiyo a gindin tankinku na ba shi labari, dariya ya yi har da hawaye, ya ce shi a duniya mace ɗaya ya sani da za ta iya wannan aiki. Kin san shi ne, Kaka?"

Ɗana ya juyo. Allura ta juyo, ta kafe ni da ido, a karo na farko ita ce mai son jin labari.

Ni kuwa, Gidan Rediyo, na buɗe baki, na ji batir ya mutu.